Tambaya da Amsa: Haɗa Tukunyar Renon Ƙananan Halittu da Kuɗi Kaɗan

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun tsaya ne a kan na'ura guda, wato bayoriyakta, wadda za mu riƙa kira tukunyar reno. Na taƙaita tambayoyin, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna, domin amsoshin su sami fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin ƙananan halittu, kuma sau ɗaya tak na taɓa ganin wannan na'ura, shi ma daga nesa, domin ba a barin ɗalibai su taɓa ta. Shin da gaske ne mutum zai iya haɗa tasa? Mene ne bambancinta da kwalbar da muke zuba romo, wato ruwan abincin ƙwayoyin, a ciki mu ɗora a kan injin girgizawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Da gaske ne, kuma mutane da dama sun yi, sai dai ina so ka fara gane aikin na'urar kafin ka sayi ko da waya guda. A cikin kwalbar da kuke girgizawa komai sauyawa yake yi babu mai tsare shi: abinci yana raguwa, tsami yana ƙaruwa, iskar oksijin tana ƙarewa, kai kuwa farkon al'amarin kawai kake gani da ƙarshensa. Tukunyar reno kwalba ce da aka yi wa ido da hannu. Idon shi ne ma'aunan da ke karanta zafi da tsami da yawan oksijin da ya narke a romo, da kuma duhun romon, wanda ke nuna yadda ƙwayoyin suka hayayyafa. Hannun shi ne hita da farfela da famfon iska da ƙananan famfunan da ke ɗigo abinci ko ruwan daidaita tsami. A tsakaninsu akwai ƙaramar kwamfuta da ke duba abin da ido ya gani, ta gwada shi da abin da kai ka nema, sannan ta umarci hannu ya gyara.

Buƙata ce ta haifi wannan na'ura. A 1940 da 1941 masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila suna renon fumfunar da ke ba da maganin penisilin a saman romo marar zurfi cikin ɗaruruwan kwanuka, saboda fumfunar ba ta rayuwa sai da iska, kuma abin da suke samu bai isa ko marasa lafiya kaɗan ba. Maganin bai wadata ba sai da injiniyoyi a Amurka suka gano yadda za a hura tsabtatacciyar iska cikin manyan tankuna masu zurfi ana dama romon, har aka buɗe masana'anta irin wannan a Buruklin a 1944. Matsalolin da suka fuskanta, wato iska da tsabta da kumfa, su ne dai za ka fuskanta a cikin kwalbarka ta lita ɗaya.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne ɓangaren lantarki ya yi araha. An fara allon Arduino, ƙaramin allon sarrafa na'urori, a Italiya a 2005, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kuma ta fito a Ingila a 2012, daga nan masu bincike suka fara wallafa zanen na'urorinsu da manhajarsu a buɗe domin kowa ya kwaikwaya. Akwai eVOLVER daga Jami'ar Boston, wadda aka wallafa a 2018, mai riƙe ƙananan kwalabe 16 a lokaci guda. Akwai Chi.Bio wadda Harrison Steel da abokan aikinsa suka ƙera a Oksfod suka wallafa a 2020, tana aiki da romo kimanin mililita 20. Akwai kuma Pioreactor da aka gina a kan Raspberry Pi. Shawarata ita ce ka karanta zanen ɗaya daga cikinsu tun daga farko har ƙarshe, sannan ka gina taka hawa-hawa: zafi da damawa tukuna, sai iska, sai tsami, famfunan abinci kuma su zo a ƙarshe. Kada ka ƙara wani sashe sai wanda ya gabace shi ya yi kwana uku yana aiki da ruwa zalla ba tare da ka sa masa hannu ba. Ka fara da yis ɗin burodi, domin ba ya cutarwa, yana jin daɗin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, kuma yana ninka yawansa cikin kimanin minti 90 idan abinci ya wadata.

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyya ce, mun haɗa tukunya da ɗalibaina muka buga murfinta da firintar 3D. Kwana biyu na farko komai yana tafiya daidai, amma a rana ta uku romon yakan canza wari, idan muka duba a madubin ƙara girma sai mu ga wasu ƙwayoyi masu kama da sanduna waɗanda ba mu muka zuba ba. Muna wanke komai da barasar tsabtace kaya. Ina kuskurenmu yake?

Amsa: Malama, wannan tambaya taki ita ce mafi muhimmanci a cikin duk waɗanda suka iso, domin a nan ne yawancin tukwanen da aka haɗa da hannu suke faɗuwa, ba a wajen manhaja ba. Barasa mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari tana kashe yawancin bakteriya masu rai, amma ba ta kashe waɗanda suka dunƙule kansu cikin ɓawo mai tauri, kamar dangin Basilus, waɗanda sanduna ne kamar yadda kika gani, kuma suna nan cikin ƙura ko'ina. Guda kaɗan sun isa. Bakteriyar da ke ninkawa cikin minti 20 ko 30 za ta cim ma yis mai buƙatar minti 90, ta kuma wuce shi, shi ya sa ba a ganin ɓarnar sai bayan kwana biyu ko uku.

Abin da ke kashe su shi ne tururi mai matsi a digiri 121 na tsawon minti 15 zuwa 20, kuma tukunyar matsin tururi mai kyau wadda take kai wannan zafin tana iya tsayawa a madadin injin otokilef na ɗakin gwaje-gwaje. Lissafin lokacin yana farawa ne daga sa'ad da romon kansa ya kai zafin, saboda haka lita ɗaya tana buƙatar lokaci fiye da ƙaramar kwalba. Wannan sharaɗi shi ne zai zaɓa miki kayan aiki. Duk abin da zai taɓa romo ko iskar da ke shiga cikinsa dole ne ya jure digiri 121: gilashin borosilikat, ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L, tiyon silikon, da robar folifurofilin. Robar PLA da aka fi bugawa da ita tana fara laushi tun a wajen digiri 60, ga shi kuma duk abin da aka buga sala-sala yana da ƙananan tsagogi a tsakanin salolin inda ƙwayoyi ke ɓuya ruwan wanki bai kai gare su ba. Ina da yaƙinin murfin nan naku yana cikin masu laifi. Ku bar firintar ta buga abin riƙe injin da akwatin lantarki da duk abin da ke waje, murfin kuwa ku nemi na folifurofilin ku huda shi da kanku, ku sa mahaɗan ƙarfe da zoben silikon.

Hanya mafi aminci ita ce a harhaɗa tukunyar gaba ɗaya, da romonta da tiyoyinta da matatunta, a dafa ta a haka, yadda ba za a sake buɗe ta ba. A matse tiyoyin da suka nutse cikin romo da maƙalli domin kada romon ya hauro, amma a bar mafitar iska a buɗe ta cikin matatarta, domin kwalbar da aka rufe ruf tana iya fashewa a cikin tururi. Sukari kuma a dafa shi daban a zuba daga baya, saboda idan aka dafa shi tare da sinadaran furotin romon yakan yi duhu ya haifar da abubuwan da ke rage girman ƙwayoyi. Iskar shiga da ta fita duk su bi ta matata mai ramuka 0.2 na maikuron, irin wadda ruwa ba ya jiƙa ta. Sai kuma ɗibar samfur, wadda ita ce ƙofar da aka fi barinta a buɗe: kada a cire murfi, a ja romon ta tiyo na musamman, kuma kada a taɓa mayar da abin da ya riga ya fito.

Kafin ku sake zuba yis, ku yi gwaji guda. Ku dafa tukunyar da romo, ku kunna zafi da iska da farfela, ku bar ta kwana uku ba tare da kun zuba komai ba. Idan romon ya zauna garau, tukunyarku ta tsarkaka. Idan ya yi duhu, ku sauya abu ɗaya kawai ku maimaita, har ku gano ƙofar. Ɗalibanki za su koyi abu mai yawa daga wannan mako na farauta, kuma ina roƙon ki bar su su rubuta kowane zato da sakamakonsa da hannunsu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, sana'ata lantarki ce. Na sa hita da ma'aunin zafi na DS18B20, na ce a tsaya a digiri 37, amma sai ya haura 39 ya dawo 35 yana lilo. Shin in koma tsarin PID ne? Kuma wanne ya fi dacewa, Arduino ko Raspberry Pi?

Amsa: Ɗan'uwa, lilon nan daga jinkiri yake. Sa'ad da ma'auni ya ga 37 ya kashe hita, akwai sauran zafi a jikin hitar da gilashin wanda bai gama shiga romo ba, sai ya ci gaba da shiga bayan an kashe. Fara da lissafi: ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin jul 4,186, saboda haka daga 25 zuwa 37 kana buƙatar kimanin jul 50,000, abin da hita mai wat 50 za ta bayar cikin kusan minti 17 in ba a lissafa zafin da ke zurarewa ba. Idan hitarka ta ninka wannan sau biyar ko goma, ta yi wa tukunyar yawa, kuma babu dabarar manhajar da za ta lallashe ta cikin sauƙi. Ka kuma tabbata ma'aunin yana cikin romo, a cikin siririn bututun ƙarfe mai rufaffen ƙasa, nesa da hita, sannan farfela tana juyawa, domin romon da ba a dama ba zafinsa ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa.

Bayan haka ne PID, wato lissafi mai sassa uku da ke daidaita ƙarfin hita, zai yi amfani. Sashensa na farko yana duba ratar da ke tsakanin zafin yanzu da wanda ake nema, ya ba hita ƙarfi gwargwadon ratar, yadda za ta riƙa sassautawa tana matsowa kusa. Na biyu yana tara ratar da ta daɗe ba ta rufe ba, ya ƙara ɗan ƙarfi har ta rufe. Na uku yana duba saurin sauyin ya taka burki tun da wuri. A tukunyar ruwa mai sauyawa a hankali, sassa biyun farko sukan wadatar, na ukun kuwa yakan ɗauki 'yan rawar ma'auni ya mayar da su babban abu. Ka kiyayi tarko guda: a lokacin ɗumamar farko ratar tana da faɗi na tsawon mintuna, sashe na biyu sai ya tara lissafi mai yawa, ya ci gaba da tura hita bayan an kai 37. Maganinsa shi ne a sa wa tarin iyaka, ko a hana shi taruwa muddin hita tana kan cikakken ƙarfi. Dabarar da Ziegler da Nichols suka wallafa a 1942 tana ba da lambobin farawa, amma takan bar zafi ya ɗan wuce gona da iri, saboda haka ka rage ƙarfinta ka gwada da ruwa. Kada ka manta kuma hita ɗumamawa kawai ta iya. Idan ɗakin ya fi zafin da kake nema, ko ƙwayoyin sun yi kauri suna fitar da nasu zafin, sai an haɗa da fanka ko faifan Peltier mai sanyayawa da lantarki ko tiyon ruwan sanyi.

Game da allo, ni na fi son a raba aikin gida biyu. Arduino ko makamancinsa ESP32 ya riƙe zafi da damawa da famfuna, domin aiki ɗaya yake maimaitawa babu abin da ke ɗauke masa hankali. Raspberry Pi kuma ya karɓi lambobi ya adana, ya zana su, ya ba ka damar dubawa daga waya. Idan Pi ya maƙale ko intanet ta yanke, renon ba zai tsaya ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, domin ruwa da wuta ne za su kwana tare babu mai gadi. Ka yi aiki da bolt 12 ko 24, kada ka kawo wutar soket kusa da tukunya. Ka ɗaura fis mai narkewa da zafi a jikin hitar, wanda zai yanke wuta ko manhaja ta yarda ko ba ta yarda ba. Ka kunna agogon tsaro na allon domin ya sake tashi in ya maƙale, kuma ka tsara yadda hita da famfuna za su kasance a kashe duk lokacin da allon ya tashi. Sannan ka san halin ma'auninka: idan wayar DS18B20 ta cire, manhajar da aka saba karanta shi da ita a Arduino takan dawo da lamba 127 ƙasa da sifiri, allon da ba a koya masa ba kuwa zai ɗauka romo ya daskare ya sake wa hita wuta gaba ɗaya. Duk lambar da ta fita daga hankali, umarninta ɗaya ne: a kashe hita a yi ƙara.

Tambaya: Malam, ma'aunin pH ɗina, wato na tsami, yana karanta daidai a cikin kofi, amma da zarar na sa shi a tukunya na kunna inji sai lambar ta riƙa tsalle. Famfon gyara tsami kuma yana zuba alkalin, wato ruwan rage tsami, har ya wuce, sai na asid ya kama, haka suke ta yi.

Amsa: Na taɓa shafe kusan mako guda a kan irin wannan tsallen ina zargin ma'aunin, ashe layin wutar da ya haɗa shi da injin farfela ne. Sandar pH ta gilashi tana ba da kimanin milibolt 59 ne kacal a kan kowane mataki ɗaya na pH a digiri 25, kuma siginar tata mai rauni ce ƙwarai, saboda haka duk wata ɓatacciyar wuta da ta bi ta cikin romo daga inji ko hita ko wani ma'auni za ta rufe ta. Ka sa allon da ke raba wutar ma'aunin da ta sauran na'urar, ka gajarta wayarsa, ka nesanta ta da wayoyin inji, kuma kada danshi ya taɓa mahaɗinta. Ka saita shi da ruwan gwaji na pH 7 da na 4 kafin kowane reno, ka ajiye bakinsa a ruwan fotasiyam kulorayid, ba a tataccen ruwa ba. Ka kuma duba ko irin wanda ke jure tururi ne, domin masu araha na jikin roba ba sa jurewa, kuma in haka ne gara ka riƙa ɗibar samfur kana aunawa a waje da ka gurɓata tukunyarka.

Faɗan famfunan nan biyu kuwa daga gaggawa yake. Ma'aunin pH ba a miƙe yake tafiya ba, kowane mataki ninki goma ne, shi ya sa ɗigo ɗaya a wani wuri ba ya motsa komai, a wani wurin kuma ya yi tsalle. Ka bar fili, misali 0.1 sama da ƙasa da abin da kake nema, inda babu famfon da zai motsa. In an fita daga filin, a zuba ɗigo kaɗan, a jira sakan 30 ko fiye romo ya gauraya, sannan a sake aunawa. Ka sa iyaka ga abin da famfo zai iya zubawa a awa ɗaya. Yawancin reno da sukari tsami yake ƙarawa, saboda haka famfon alkalin kaɗai yakan isa. Kuma ka riƙa rubuta yawan alkalin da aka zuba a kowace awa, domin ruwa ba ya tsami banza: wannan lissafi yana nuna maka saurin cin abincin ƙwayoyin, kuma tsayawarsa kwatsam alama ce ta sukari ya ƙare.

Tambaya: Malam, ma'aunin oksijin ya fi ƙarfin aljihuna. Zan iya yi ba tare da shi ba? Yis ɗina yana tsayawa da girma da wuri, romon kuma yana warin barasa duk da ina hura iska.

Amsa: Za ka iya, ɗana, muddin ka fahimci dalilin da ya sa oksijin ya zama abin damuwa. Lita ɗaya ta ruwa tana iya narkar da ɗaruruwan giram na sukari, amma oksijin daga iska miligiram 7 zuwa 8 kawai take riƙewa a zafin da ake reno, kuma romo mai kaurin ƙwayoyi yana iya shanye wannan cikin ƙasa da minti ɗaya. Ke nan babu ajiya, abin da ya shiga yanzu shi ake shaƙa yanzu. Yawan iskar da aka hura ba shi ne ma'auni ba, domin manyan ƙwallayen iska sukan haura su fashe ba su bar komai ba. Abin nema shi ne ƙananan ƙwallaye masu yawa da ke daɗewa a cikin romo. An saba farawa da lita ɗaya ta iska a minti ga kowace lita ta romo, wanda famfon tankin kifi yana iya bayarwa, a saki iskar a ƙarƙashin farfela domin ta daddatse ta. Sandar maganaɗisu mai dama romo tana isa ga ƙaramar kwalba, amma daga lita ɗaya zuwa sama gara farfela mai fukafukai 6 irin ta Rushton, faɗinta kamar sulusin faɗin tukunya, tare da sirararan faranti 4 a tsaye a jikin bango. In babu farantan, romon juyi kawai zai yi kamar guguwa ba tare da ya gauraya ba.

Ga gwajin da ba ya buƙatar ma'auni: ka yi reno biyu iri ɗaya, ka ƙara saurin farfela a na biyu. Idan girman ya ƙaru, iska ce ta gaza. Idan bai ƙaru ba, ka duba sukari, domin yis ɗin burodi yana da wata ɗabi'a da masana ke jingina wa sunan Crabtree: idan sukari ya yi yawa, yakan mayar da shi barasa ko da oksijin ya wadata. Shi ya sa masana'antun yis ba sa zuba sukarin duka a farko, ɗigo shi suke yi a hankali gwargwadon girman ƙwayoyin. Ina kyautata zaton wannan ne asalin warin da kake ji.

Iska da damawa suna kawo kumfa, kumfa kuma in ta kai matatar fita ta toshe ta. Wannan haɗari ne na gaske, domin famfo yana ci gaba da turawa, kuma giram 180 na gulukos idan yis ya mayar da shi barasa yana fitar da giram 88 na iskar kabon, kusan lita 49. Ka bar kashi ɗaya cikin huɗu na tukunyar babu romo, ka sa kwalbar tarko tsakanin murfi da matatar fita, ka ajiye maganin kumfa dafaffe a kusa, amma ɗigo kaɗan, domin yawansa yana rage shigar oksijin.

Tambaya: Malam, ina son reno mai ɗorewa, romo yana shiga yana fita. Ta yaya zan san saurin da zan sa wa famfo?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tsari shi ne kemostat, wanda Jacques Monod a Faransa, da Aaron Novick da Leo Szilard a Amurka, suka bayyana a 1950, kowane ɓangare da kansa. Ki raba abin da ke shiga a awa ɗaya da abin da ke cikin tukunya. Idan mililita 100 ke shiga lita ɗaya a kowace awa, amsar ita ce 0.1, kuma bayan an daidaita ƙwayoyin za su riƙa girma da wannan saurin daidai, suna ninkawa cikin kusan awa 7. Ke ce kike zaɓa musu saurin girma da famfonki. Idan kika wuce iyakar abin da za su iya, wanda ga yis bai kai 0.5 ba, za su fita da sauri fiye da yadda suke haihuwa har romo ya koma garau. Ki jira romon ya sauya kamar sau biyar, wato awa 50 a wannan misali, kafin ki ce an daidaita.

Duk lissafin ya rataya a kan famfo, saboda haka kada ki amince da lambar da aka rubuta a jikinsa. Ki yi amfani da famfo mai matsa tiyo daga waje, wanda ba ya taɓa romo, ki bar shi ya zuba ruwa a kofi na minti 10 ki auna a sikeli, tunda giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne. Ki maimaita bayan an dafa tiyon, da kuma bayan renon ya ƙare, domin tiyo yana gajiya. Bakin tiyon fita ya tsaya daidai saman romo, famfonsa ya fi na shiga sauri, ta haka yawan romon ba zai sauya ba. Romon shiga kuma ya ɗigo daga sama, kada bakinsa ya taɓa na ciki, in ba haka ba ƙwayoyin za su bi tiyo su haura har cikin kwalbar ajiya. Idan kin haɗa fitilar LED da ma'aunin haske don karanta duhun romo, ki rufe su daga hasken ɗaki, ki tuna ƙwallayen iska da dattin da ke manne wa gilashi suna ruɗa shi, kuma lambarsa tana daina bin yawan ƙwayoyi daidai idan romo ya yi kauri. Ki gwada shi da samfurin da kika tace kika busar kika auna nauyinsa.

Tambaya: Malam, mun gama tamu tana aiki. Za mu iya renon ƙwayoyin da muka ɗebo daga ƙasa ko daga miki don neman magani? Kuma yaya za mu wallafa aikin domin wasu su amfana?

Amsa: Daga miki, a'a, ko kusa. Daga ƙasa ma ban yarda ba sai a ɗakin gwaje-gwaje ƙarƙashin wanda ya san aikin, domin ba ku san abin da kuka ɗebo ba, tukunyar kuma za ta ninka shi sau miliyoyi, iskar da ke fita tana ɗauke da feshinsa. Ku tsaya a kan halittun da ke matakin tsaro na 1, wato mafi ƙarancin haɗari, kamar yis ɗin burodi da E. coli nau'in K-12, ku dafa duk romon da kuka gama da shi a digiri 121 kafin ku zubar. Babu abin da ya fito daga wannan tukunya da za a sha ko a shafa ko a yi allura da shi. Littafin tsaron ɗakin gwaje-gwaje na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugu na 4 ya fito a 2020, kyauta ne a intanet.

Wallafawa kuwa ina murna da kuka yi tunaninta. Hoto da manhaja kaɗai ba su sa aiki ya zama buɗaɗɗe ba, sai baƙon da bai taɓa ganinku ba ya iya gina irinsa. Ku sa jerin kaya da lambar kowane ɗaya da girmansa, da zanen wayoyi, da ainihin fayilolin zane waɗanda za a iya gyarawa, da matakan harhaɗawa da na dafawa. Ku bayyana lasisi a fili, kamar GPL ko MIT ga manhaja, da lasisin buɗaɗɗen ƙira na CERN, wanda aka fara fitarwa a 2011, ga kayan ƙarfe da lantarki, domin aikin da ba shi da lasisi doka ba ta ba kowa izinin kwafarsa ba. Sannan ku haɗa da lambobin gwajinku kamar yadda na'ura ta rubuta su: zafin awa 24 da ruwa zalla, nauyin abin da famfo ya zuba, sakamakon gwajin kwana uku na romo marar ƙwayoyi, da reno uku na yis a yanayi ɗaya domin a ga yadda suke kusa da juna. Ku rubuta abin da kuka gwada ya ƙi da dalilin ƙinsa. Kafin ku saki komai, ku miƙa takardun ga wani da ba ya cikinku ya gina tasa ba tare da ya tambaye ku ba, duk inda ya tsaya ku koma ku gyara rubutun wurin.